Peter Lougheed da asusun man Alberta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in yi tsokaci kan Peter Lougheed, lauyan da ya mulki lardin Alberta na ƙasar Kanada daga 1971 zuwa 1985. Ana yawan yabon asusun ajiyar kuɗin mai da ya kafa, amma ba a cika faɗin inda gizo ya yi saƙa ba.

An haife shi a Kalgari a 1928, ya karanta shari'a a Jami'ar Alberta. A 1965 ya karɓi ragamar jam'iyyar Progressive Conservative ba ta da ko kujera ɗaya a majalisar lardin. Zaɓen 1967 ta samu shida, na 1971 ta kwashe 49 cikin 75, aka sauke jam'iyyar Social Credit bayan shekara 36 tana mulki.

A harkar mai aka ga lauyancinsa. Tun 1930 albarkatun ƙasa mallakar lardin ne, amma tsofaffin yarjeniyoyi da kamfanonin mai sun ƙayyade kason gwamnatin lardin kada ya wuce kashi ɗaya cikin shida. Ya bi ta majalisa ya cire wannan ƙaidi, ya ƙara kason. Da gwamnatin tarayya ta Pierre Trudeau ta fito da tsarinta na makamashi a 1980, Lougheed bai amince ba, ya mayar da martani da rage haƙo mai daki-daki, har aka sulhunta a Satumban 1981.

Sai asusun. A 1976 ya kafa shi da dokar zuba kashi 30 cikin ɗari na kuɗin mai da iskar gas, domin 'yan baya. Matsalar ita ce doka ce ta majalisa kawai, duk mai rinjaye yana iya taɓa ta. Kuma shi da kansa ya fara: da tattalin arziki ya yi tsami a farkon shekarun 1980, aka rage zubin zuwa kashi 15, aka koma kwashe ribar asusun ana cike giɓin kasafi. A ganina, lauya irinsa ya san ƙofar da ya bari a buɗe. Farashin mai ya faɗi warwas a 1986, magajinsa Don Getty ya dakatar da zubin kacokan a 1987.

Lougheed ya rasu a 2012.

Na gode.
Mai karatunku a kullum