Antibayiros biyu a kwamfuta ɗaya ba ƙarin tsaro ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin masu kwamfuta a gida, da masu shagunan da ke loda wa mutane manhajoji, kan wata al'ada da ta zama ruwan dare. Mutum ya sayi laftof, ta zo da antibayiros (manhajar kare kwamfuta daga bayiros) na McAfee na gwajin kwana 30, mai shago ya ƙara masa Avast, wani abokinsa ya ce ai sai an haɗa da AVG ko Avira, sannan ga Smadav saboda filash. Bayan mako biyu sai kuka: kwamfuta ta yi nauyi, fanka na ta ihu, batir ba ya jimawa. Mai ita kuwa gani yake ya ninka tsaro, alhali rage shi ya yi.

Dalilin yana cikin yadda antibayiros ke aiki. Aiki biyu gare shi. Akwai binciken da kai ne kake sa shi ya yi, ya duba fayiloli ya gama ya yi shiru. Akwai kuma gadin da yake yi ba dare ba rana, tun daga kunna kwamfuta har kashe ta. Domin wannan gadi, yana dasa wata 'yar manhaja a can cikin zuciyar Windows, wadda ke tare duk fayil ɗin da za a buɗe ko a kwafa ko a ajiye, sai ta duba shi kafin ta sake shi. Idan masu gadin biyu ne, kowane fayil sau biyu za a tare shi. Ba a nan ma abin ya tsaya ba: don na farko ya duba fayil dole ya buɗe shi, na biyu kuwa da ya ga an taɓa fayil sai shi ma ya taso. Kamar a ce an sa masu gadi biyu a ƙofa ɗaya, kowanne yana caje baƙo yana kuma caje ɗan'uwansa. A kwamfuta mai RAM giga 4 da tsohon faifan ajiya mai juyawa, irin waɗanda suka cika kasuwar 'yan gwanjo, wannan kaɗai ya isa ya sa faifan ya tsaya a kashi 100 cikin 100, buɗe Word ya zama aiki.

Nauyin ma da sauƙi. Abin da ya fi muni shi ne ranar da bayiros na gaske ya shigo. Dukansu biyu za su kai masa cafka lokaci guda. Wanda ya riga ya kulle fayil ɗin, ɗayan ya kasa taɓa shi, ya yi ta fito da gargaɗi kan abin da ba zai iya gogewa ba. Wani lokaci kuma na biyun yana ganin fayilolin ɗan'uwansa, ko irin shisshigin da yake yi cikin sauran manhajoji, ya ɗauke shi a matsayin mugu ya toshe shi. Mai kwamfuta ya gaji da gargaɗin ƙarya, ya koyi danna "Allow" ba tare da karantawa ba, kuma daga nan ne ɓarna take shiga. Idan kowannensu ya zo da katangar intanet tasa (firewall) da sashen duba shafukan yanar gizo, sai ka ga akwai data amma shafi ya ƙi buɗewa, ko firinta ta ɓace daga Wi-Fi. Ƙarshen abin shi ne shuɗin allon nan na mutuwar Windows. Wanda yake shakkar zurfin inda waɗannan manhajoji suke zaune ya tuna 19 ga Yulin 2024, ranar da sabuntawa guda mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 a duniya, har jiragen sama suka kasa tashi. Manhaja ɗaya ke nan, ba biyu masu rigima da juna ba.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: Avast ya sayi AVG tun 2016, kuma injin bincikensu ɗaya ne. Yau Avast da AVG da Avira da Norton duk suna ƙarƙashin kamfani ɗaya, Gen Digital. Wanda ya haɗa Avast da AVG abu ɗaya ya sa sau biyu.

Kuma duk mai Windows 10 ko 11 yana da antibayiros tun ranar da aka sa masa Windows ɗin, wato Microsoft Defender, kyauta, ba lasisin da zai ƙare. An tsara shi ne ta yadda da zarar an sa wani antibayiros, zai janye gadinsa da kansa ya ba shi wuri, idan an cire wancan kuma ya dawo. Wannan ladabin tsakanin Defender da baƙo ne kawai. Baƙi biyu ba sa janye wa juna. A ganina, ga mai amfanin gida da makaranta, Defender da ake bari yana sabunta kansa ya wadatar, ya kuma fi duk wani antibayiros mai tsada da aka fasa aka sa masa lambar sata, domin irin waɗannan fasassun manhajoji su kansu babbar hanyar shigar bayiros ce.

To, wanda ya riga ya tara su fa? Ya fara da sanin abin da yake ciki. A buɗe Windows Security, a shiga Virus & threat protection, a nemi Manage providers; nan za a ga sunan kowane antibayiros da wanda yake kunne. Sai a zaɓi ɗaya. Sauran a cire su ɗaya bayan ɗaya ta Settings, sashen Apps, ana sake kunna kwamfutar bayan kowanne. Kada a je a goge jakarsu da hannu a Program Files, don abin da suka dasa a cikin Windows yana nan daram, an dai raba shi da jikinsa ne, kuma shi ke haddasa matsalar da ta fi wuyar ganowa. Cirewar da aka saba ma takan bar saura, shi ya sa kamfanonin suke da manhajar sharewa ta musamman: MCPR na McAfee, avastclear na Avast, kavremover na Kaspersky, Norton Remove and Reinstall na Norton. A sauko da su daga shafin kamfanin kansa kawai. Wasu sun fi aiki idan an tayar da Windows a Safe Mode, wato yanayin da take tashi da muhimman sassanta kaɗai.

Masu gyara za su iya tabbatarwa ta buɗe Command Prompt da ikon Administrator su rubuta fltmc. Jerin da zai fito yana nuna masu tare fayiloli. WdFilter na Defender ne. Masu farawa da asw na Avast ne, mfe na McAfee, klif kuma na Kaspersky. Idan an cire manhaja amma sunanta yana nan, aiki bai ƙare ba. Sauran sunayen da ke jerin yawancinsu na Windows ne, a bar su. Daga nan a koma Windows Security a ga Real-time protection, wato gadin, yana kunne, a sabunta shi, a yi Full scan. Wanda yake son ya gani da idonsa cewa gadin na aiki ya sauko da fayil ɗin gwaji na EICAR, ɗan rubutu ne mai haruffa 68 da ba ya cutar da komai, amma kusan duk antibayiros mai rai zai cafke shi nan take.

Neman ra'ayi na biyu ba laifi ba ne, muddin na biyun ba ya gadi. Malwarebytes na kyauta yana bincike ne sai an kira shi, sai dai a lura: yakan fara da gwajin 'yan kwanaki na mai kuɗi, wanda ke kunna gadi, don haka a kashe gwajin. Akwai Microsoft Safety Scanner, wanda ke daina aiki kwana 10 bayan saukewa, a sake sauko da sabo. Akwai Microsoft Defender Offline, da ke sake kunna kwamfuta ya yi bincike na kimanin minti 15 kafin Windows ta tashi, ya kama masu ɓuya. Fayil guda da ake zargi kuwa a ɗora shi a shafin VirusTotal, injunan antibayiros da dama su duba shi, amma ban da takardun sirri, don abin da aka ɗora can wasu na iya gani.

Saura Smadav, tunda kowa na tambaya. Masu shi a Indunusiya sun yi shi ne a matsayin mataimaki, musamman kan bayiros ɗin filash da ke ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi (shortcut) na bogi, kuma yana iya zama tare da wani. Amma ba zai maye gurbin babban antibayiros ba. Fayilolin da aka ɓoye a filash ma, bayan an kashe bayiros ɗin, ana dawo da su a Command Prompt da umarnin attrib -h -r -s /s /d sannan harafin filash ɗin, misali E:\*.*, ba sai an ƙara wata manhaja ba.

Na gode da wannan dama.

Naku,
Wani mai gyaran kwamfuta,
Kano.