Zuwa ga mutumina na Yamai

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Wata huɗu ke nan rabon da mu yi magana ta kirki, sai "ya gari" a WhatsApp, ita ma sai ta kwana biyu ba ka amsa ba. Tun da ka fara jin Faransanci ka zama babban mutum. Asali maganar shaddar bikin ƙaninka ce ta zaunar da ni rubutu, amma bari in fara sauke abin da ke cina tun ranar Talata, tunda da hannunka a ciki.

Ka tuna da Babbar Sallah, a zauren Baba, ka karɓe wayata ka yi ta faɗa don kalmar sirri ɗaya nake sa wa komai? Ka saka mini Bitwarden, manhajar ajiye kalmomin sirri, ka sa ya ƙirƙiro wa kowane asusu tasa, doguwa, wadda ko kai ba za ka iya karantawa da baki ba. Na ji daɗin abin, wallahi. Muddin a wayata nake, shi ke cike mini komai.

To ranar Talata takardar makarantar 'yarka ta shigo imel ɗina, kuma dole a buga ta a kai kafin ƙarfe biyu. Sabis ya ƙi, takardar ta ƙi sauka a waya. Na shiga wani shagon kwamfuta kusa da Kasuwar Barci, yaron ya ba ni kujera ya ce in buɗe imel ɗin a tasu. Nan fa aka yi ta. Kwamfutarsu ba ta san ni ba, babu manhajar a cikinta, sai dai in kalli waya in kwafa da hannu. Haruffa 24, manya da ƙanana, da lambobi, da alamomi.

Ka taɓa zura wa ƙaramin l da babban I da lamba 1 ido a fuskar waya, ana jiranka a baya? Duk sanda ce a tsaye. Haka babban O da sifili. Sau biyu ina kuskure. A na uku na tabbata daidai na danna, ya sake ƙi. Ashe abin da aka zana a kan madannan irin na Amurka ne, kwamfutar kuwa an saita ta a tsarin Ingila. A na Amurka, Shift da 2 shi ke ba da @, a na Ingila kuwa alamar zance yake fitarwa, Shift da 3 kuma ya ba ka £ a maimakon #. Ga shi ɗigo-ɗigo kawai kake gani, ba ka san me ya shiga ba. In ka danna ɗan idon nan don ka gani, mutum biyar ne tsaye a kanka su ma suna gani. Yaron ya ce, "Baba, kawo wayar in rubuta maka." Da zuciya ɗaya ya faɗa, amma na ƙi. Miƙa masa wayar a buɗe daidai yake da miƙa masa mukullan gida da na shago baki ɗaya.

Na dai shiga a karo na huɗu, aka buga, ta kai a kan lokaci, alhamdu lillahi. Amma daren nan barci ya gagare ni. Akwai manhajojin da ake ɓoyewa a kwamfuta suna rubuta duk madannin da aka taɓa, kuma ko mai shago ba lalle ya san suna ciki ba. Tsawon kalmar sirri ba ya hana wannan, ko ta kai kamu goma. Kafin asuba na canza ta, na shiga sashen tsaro na asusun na fitar da waccan kwamfutar. Imel ɗin nan shi ne ƙofar sauran, duk asusun da na manta sirrinsa can ake turo mini hanyar gyara. Nan gaba ko zan jira sabis na awa guda, in sauke takarda in tura wa mai shago, ba na sake buɗe imel a na'urar da ba tawa ba.

Af, Hajiya ta samu sabon talabijin, autanku ya kawo mata daga Kano. Tana gaishe ka, ta ce har yau tana jiran kilishin da ka yi alkawari tun azumin bara, kuma ta ce ramar da ka yi a hoto ba ta aiki ba ce, ta rowa ce. Ni aka kira in haɗa shi da intanet, sai ga matsalar ta dawo da sabuwar riga: rubuta kalmar sirrin Wi-Fi da rimot, sama, ƙasa, hagu, dama, kowace alama tana wani shafi daban. YouTube ya fi sauƙi, ya nuna wata gajeriyar lamba na shigar ta waya, shi ke nan. Da kowa zai yi haka da an huta.

Abin da na tsayar shi ne wannan, ka gaya mini in na kauce. Kalmomin sirrin da zan taɓa rubutawa da hannuna ba su wuce huɗu ba: ta Bitwarden kansa, ta imel, ta Wi-Fi, ta kwamfutar ofis. Su na mayar da su jerin kalmomi na gaske, ƙananan haruffa zalla. Dabarar tsohuwa ce, Arnold Reinhold ya fito da ita a 1995 da sunan Diceware. Jeri ne na kalmomi 7,776, ka jefa dayis irin na ludo sau biyar, lambobin da suka fito su nuna maka kalma ɗaya. Ka yi haka sau shida ka samu kalma shida, kuma yawan haɗin da mai zato zai lalube adadi ne mai lamba 24. Bitwarden ma yana yi maka wannan, har yana da wurin da za ka ce ya guji haruffa masu kama da juna. Ban gan shi ba sai da na sha wuya. Kai ma ba ka nuna mini ba, malamin gaggawa.

Na so in yi da Hausa, sai na lura da abu biyu. Karin magana ba ta yi, don duk abin da ke bakin mutane mai nema zai iya tarawa ya gwada. Dole kalmomin su zama ba su da dangi da juna, kuma ba kai ka zaɓe su da son ranka ba. Sannan ƙ da ɗ da ɓ, duk son da nake musu, ba za ka same su a rimot ko a kwamfutar shago ba. Na rubuta ta Bitwarden a takarda na sa cikin akwatin da takardun gida suke, uwargida kaɗai ta san wurin.

Kai ya kake yi a can? Na san madannanku na Faransa ne, A ta koma wurin Q, Z ta koma wurin W, lambobi ma sai da Shift suke fita. In ka zo nan ka zauna gaban tamu ai yatsunka za su ɓata hanya.

Ruwa ya sauka sosai bana, rufin zauren Baba ya fara yoyo ta gefen da kake zama. Mai shayinmu ya ƙara aure, ya kuma ƙara kuɗin shayi a mako ɗaya. In za ka biyo ta Abuja ka hau jirgin ƙasa, ka kira ni tun kafin ku iso, in tarye ka a Rigasa. Kada ka manta kilishin Hajiya.

Naka,
abokinka na Tudun Wada