Zuwa ga masu sayen gem a shagonmu: daga yanzu sai an gwada ta awa ɗaya a gabanku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu masu ciniki da mu a Sabon Gari, da masu tasowa daga Tudun Wada, Kongo, Samaru da cikin birni, muna gaisuwa. Wasiƙar nan da ban haƙuri za ta fara, domin laifi ne muka yi.

A watan jiya wani dattijo ya sayi PS4 (wato PlayStation 4, na'urar wasan bidiyo ta kamfanin Sony) ta hannu a wurinmu, kyautar da ya yi wa ɗansa alkawari in ya ci jarabawa. Kwana goma sha ɗaya ya dawo da ita a cikin buhun shinkafa, yaron na biye da shi ido ya yi ja. In an kunna, shuɗiyar fitilar nan ta yi ta ƙyaftawa, talabijin kuwa baƙi ƙirin. Da muka kwance ta sai muka ga kawunan kusoshin ciki duk sun sha sukundireba, gefen babbar ƙwaƙwalwar ya yi ruwan ƙasa kamar an gasa. Gasa ta ɗin aka yi. Wani ya hura mata zafi har ta farfaɗo, aka goge ta tana ƙyalli, aka haɗa a cikin kayan da aka turo mana. Mu kuma muka kunna ta minti biyar, muka ga hoto, muka ce lafiya lau. Mun mayar wa Baba kuɗinsa cif, ya ce ya yafe, amma kunyar ba ta sake mu ba.

Saboda haka daga wannan makon, duk na'urar da za ta bar shagon nan, sabuwa ko ta hannu, sai ta yi awa ɗaya tana aiki a gaban mai saye, da wasa mai nauyi a kanta. Mun san wasu za su ce suna sauri, mai keke na jiransu a waje. Ku yi haƙuri, ku sallame shi. Akwai benci, akwai ruwan sanyi. Ciwon da ke cikin gem ba ya nuna kansa sai ta ɗauki zafi, kuma ba ta ɗaukar zafin gaske a minti biyar.

Wannan ciwo tsoho ne, har manyan kamfanonin ya taɓa kayarwa. Microsoft ta fitar da Xbox 360 a ƙarshen 2005, ba a jima ba mutane suka fara ganin jajayen fitilu uku sun kewaye maɓallin kunnawa, na'ura ta mutu. Abin ya yi yawa har a watan Yuli na 2007 kamfanin ya ƙara garanti zuwa shekara uku a kan wannan matsala, ya ware sama da dala biliyan ɗaya don gyara. Tushen abin shi ne ƙwaƙwalwar da ke zana hoto tana zaune ne a kan ƙananan ɗigon dalma. Kullum ta yi zafi ta huce, ta yi zafi ta huce, sai mahaɗin ya tsage. PS3 ta farko, mai ƙiba ɗin nan ta 2006, ita ma ta yi nata fama da fitila ruwan ɗorawa. A lokacin ne aka koyi dabarar hura wa ƙwaƙwalwa iska mai zafi, wasu ma har naɗe na'urar suke yi da tawul ta dafa kanta. Takan tashi, ta yi sati biyu ko wata ɗaya, ta koma inda ta fito. Mu ma mun sha yi wa mutane wannan gyaran idan sun matsa, muna faɗa musu ba ya ɗorewa. Mun daina. Wanda ya kawo mai irin wannan ciwon za mu gaya masa gaskiya, ya ajiye kuɗinsa.

Idan ba a wurinmu za ku saya ba, ba komai, kasuwa ta kowa ce, amma ku tafi da idonku. Ku juya bayanta ku duba sitikar da ke rufe kusoshi. In an ɓare, ku tambayi dalili. Wanda ya buɗe don share ƙura ba ya jin nauyin faɗa. Ku kasa kunne ga fanka bayan minti talatin. PS4 tana da ƙara dama, musamman ta farko ta 2013, amma in ta kama kuka kamar injin markaɗe tun wasa bai yi nisa ba, ko ƙura ta toshe ta ko farin man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ya bushe. Wannan yana gyaruwa, sai dai a rage muku kuɗi. Ku ɗan motsa wayar HDMI, wadda ke haɗa ta da talabijin, a ramin ta. In hoto ya ɗauke ya dawo, ramin ya kusa tashi daga aiki. Ku sa faifai ku fitar sau biyu ko uku. Hannun wasan kuma, ku ajiye shi a kan tebur ku cire yatsunku: in ɗan wasa ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, sandar ta cinye. Wannan matsalar ce ta addabi hannun Nintendo Switch tun bayan fitowarta a 2017, kuma muna ganinta a hannun PlayStation ma.

Sai maganar “cike take da wasanni”, wadda ke ruɗin yara fiye da komai. Sau da yawa wasannin na kan asusun wani ne da ba ku sani ba. Ranar da ya canja kalmar sirrinsa ko ya cire na'urar daga asusunsa, sai ku wayi gari da ɗan kwaɗo a kan kowane wasa. Wata kuma an yi mata kutse an loda mata kaya, to ita ba ta hawa intanet a yi wasa da mutane, in kuma aka kuskura aka sabunta ta, kayan sun tafi. Wata Sony ce ta hana ta shiga asusun PlayStation a intanet gaba ɗaya. Ku ce a haɗa ta da intanet a gabanku, ko da na wayarku ne, a shiga asusu ku gani. Masu son PS5 su lura akwai wadda ba ta da ramin faifai, haka ma Xbox Series S. In kuna da niyyar aron faifai ko musanya da abokai, waɗannan ba naku ba ne.

Ana yawan tambayarmu wacce za a saya. Ga mai kuɗi daidai gwargwado, mu PS4 Slim ta 2016 muke nunawa. Ba ta jan wuta kamar ta farko, ba ta kai ta zafi ba, kayan gyaranta suna samuwa, kuma wasannin ƙwallon ƙafa FC 24 da FC 25 duk sun fito a kanta, wanda shi ne abin da yawancin yaran Zariya ke nema. PS3 mai ƙiba da farar Xbox 360 ta farko kuwa, ko da araha kamar kyauta, ku wuce. Araha ba ta ado.

To, an saya lafiya, an kai gida. Nan ne wuta ke jira.

Wutar ƙasar nan bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. PS4 da PS5 suna karɓar daga 100 zuwa 240, ba ruwansu. Amma tubalin wutar Xbox 360 (akwatin da ke kan wayar wutarta) da aka yi don Amurka, da PS2 mai ƙiba ta can, ƙaramar wuta kaɗai suka sani. A soka su a bango kai tsaye, sai ƙara ɗaya da warin ƙuna. Rubutun na nan a jikin tubalin ko a bayan na'urar, ƙanana ne, a sa tabarau a karanta. Ban da wannan, abin da ya fi kawo mana gawa shi ne lokacin da aka dawo da wuta. Yara su yi ihu, kowa ya ruga ya kunna kayansa, alhali a 'yan mintocin farko ne takan zo da hauka. A bari ta zauna tukuna. A sa sitabilaiza mai jinkiri, wadda ke ƙirga daƙiƙoƙi kafin ta saki wuta. In janareto ne, kada a bar gem a jone lokacin tayar da shi ko lokacin da mai ya kusa ƙarewa yana tari, kuma kada a haɗa ta layi ɗaya da firiza ko dutsen guga. Da damina, in hadari ya haɗo ana walƙiya, a zare daga bango ɗungurungum.

Akwai kuma fitila ruwan lemo ta PS4, wadda mutane ke ɗauka a kashe take. Barci take yi, tana iya yin rubutu a kan hadis ɗinta, wato ma'ajiyar wasanninta, a wannan hali. A ƙasar da ba a ɗauke wuta wannan gata ne. A nan kuwa, ɗaukewa ɗaya na iya dagula ajiyar, ta tashi tana neman a sake mata komai. Ku kashe ta har fitilar ta mutu, sannan ku zare. Mai hali ya sa ƙaramin UPS, akwatin batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, ko da na minti biyar ne, ya isa a kashe ta cikin mutunci.

Hunturu na tafe, kun san ƙurar garin nan, ko an rufe taga sai an rubuta suna a kan tebur. Fanka na zuƙar iska ne da duk abin da ke cikinta, ƙurar ta taru a haƙoran ƙarfen sanyaya ta zama kamar bargo. Ba a ganin illar sai Maris da Afrilu, zafi ya sauko, na'ura ta fara kashe kanta a tsakiyar wasa. Iyayenmu mata, mun san kuna lulluɓe ta da ƙyalle mai ado don tsafta, kuma daidai ne in a kashe take. In tana aiki a yaye mata. Kada a kulle ta a cikin durowar talabijin mai gilashi, kada a ɗora ta a kan kafet ko katifa, a bar mata kamar tafin hannu ta baya da gefe. PS5 an yi mata murfin da ke zamewa da hannu, da ramukan da ake zuƙe ƙura ta cikinsu, wannan kowa zai iya a gida. Amma a tsaya nan. A kan ƙwaƙwalwarta ruwan ƙarfe Sony ta zuba a madadin farin mai, in ya ɗiga a kan allon ya haɗa wuta, an gama. Kada a ba mai gyaran waya ya gwada sa'arsa.

Abu na ƙarshe ba shi da daɗin faɗa. Kyankyasai na son ɗumin akwatin wutar PS4, kuma ramukan iskarta sun ishe su shiga. Akwai wadda muka buɗe a bakin shago, yaron shagon ya yi tsalle har ya ture kwanon kusoshi, muka yi rabin awa muna tsintarsu a cikin yashi. Kyankyaso ɗaya in ya gitta tsakanin ƙafafu biyu na wuta, shi ya mutu, akwatin ya mutu. A ɗaga ta daga ƙasa, a daina cin biskit da gyaɗa a kusa da ita. Kada kuma a fesa mata maganin ƙwari a ciki.

Masu gidajen gem, ku da na'urorinku ke aiki daga hantsi har bayan isha'i, ku riƙa kawo su shara duk wata uku. In kun haɗo uku ko fiye, akwai ragi.

Ga sharaɗinmu a fili. Ta hannu tana da garantin kwana 30 daga ranar da ke kan rasit: in ta lalace da kanta, mu gyara, ko mu canja, ko mu mayar da kuɗi, zaɓi na mai saye ne. Ba ya ɗaukar wadda wuta ta ƙona, ko ruwa ya shiga, ko aka ɓare sitikarmu. Za mu rubuta lambar jikin na'urar a kan rasit, ku adana shi. Duk wanda ya sayi PS4 ta hannu a wurinmu cikin wata biyun da suka wuce, ya dawo da ita mu buɗe a gabansa kyauta, domin kaya ɗaya suka zo da ta Baba, kuma mun daina karɓa daga wannan hannun.

Masu kayan gyara da suka haura wata shida a kan kantar shagonmu, don Allah a zo a ɗauka, wuri ya yi mana kaɗan. Muna buɗewa ƙarfe 9 na safe zuwa magariba, ranar Juma'a kuma sai an sauko daga masallaci.

Mun gode. Allah ya bar zumunci, ya sa albarka a kasuwar kowa.

Naku,
Masu shagon sayar da gem da gyaransu, Sabon Gari, Zariya