Kafin doki ya tsallake shinge, a fara gyara masa tafiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da samarinmu masu son doki, musamman waɗanda suka shiga sha'awar koya wa dawakinsu tsallake shinge. Sha'awar ba laifi ba ce. Ƙasar da ta san hawan sallah da sukuwa, inda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo suka ɗaukaka ƙwallon dawaki, wato polo, doki ba baƙo ba ne a cikinta. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yin horon. A jera ganguna biyu, a ɗora katako, a zaburi doki da ƙaimi da bulala, in ya haye a yi sowa a ƙara tsawo. Dokin da aka yi wa haka ba ya daɗewa sai ya fara turjewa, ko ya riƙa kwasa a guje kamar an koro shi, ko jijiyar ƙafarsa ta gaba ta kumbura.

Yawancin aikin tsalle a ƙasa ake yin sa, babu shinge ko ɗaya. A samu fili shimfiɗaɗɗe, mita 20 faɗi da mita 40 tsawo, mai yashi kamar santimita 5 zuwa 8 a kan ƙasa mai ƙarfi. Fako yana dukan gaɓoɓi, yashi mai zurfi kuma yana jan jijiya. Abu na farko da ake nema shi ne taku daidai. Mahayi ya kasa kunne: a tafiya kofato huɗu ake ji, a sassarfa biyu, a ƙaramar sukuwa uku. In bugun yana sauri a nan yana sanyi a can, aikin ranar shi ne daidaita shi, ba wani abu ba. Daga nan sai sauyin taku: tafiya zuwa sassarfa, sassarfa zuwa tafiya, tsayawa, tashi, kamar sau 20 zuwa 30 a horo ɗaya. Wannan shi ke koya wa doki shigo da ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa, kuma da su yake tura jiki sama in ya zo tsalle. Sai kewaye mai faɗin mita 20, hagu da dama daidai wa daida, domin kusan kowane doki yana da gefen da ya fi masa tauri. In ana kewayawa hagu a ƙaramar sukuwa, ƙafar gaba ta hagu ce za ta yi jagora. In ta dama ce, a koma sassarfa a sake tayar da shi. Dokin da ba ya bin layi miƙe daga wannan kusurwa zuwa waccan, ko ba ya rage gudu sai an fizge masa baki, bai isa a nuna masa shinge ba.

Maganar baki ita ce ta fi ci mini rai. Linzaminmu na gargajiya, mai harshen ƙarfe da ke taɓa ganɗa da zobe a haɓa, an yi shi ne don zamiya da tsayawa nan take a gaban sarki. A wurin tsalle cutarwa yake yi. Doki yana miƙa wuya gaba da ƙasa lokacin da yake sama, da wuyan yake daidaita nauyinsa. In mahayi ya makara ya rataya a kamazuru, ƙarfen sai ya soki bakin a daidai lokacin da dokin ya yi abin da aka ce ya yi. Sau biyu ko uku sun isa ya gane cewa tsalle zafi ne. A sa masa linzami mai sauƙi, mai gaɓa a tsakiya da zobba a gefe, a kuma ɗaura igiya ko tsohuwar fata a wuyansa wadda mahayi zai riƙe maimakon baki. Likitan dabbobi ya duba haƙoransa sau ɗaya a shekara, domin turame masu kaifi suna yanka kumatu daga ciki, sai doki ya riƙa kaɗa kai a ce taurin kai ne.

Sirdin ma haka. Namu mai doguwar kwacciya a gaba da tudu a baya yana kulle mahayi a zaune, kwacciyar kuma tana iya sukan ciki in aka sunkuya. Tsalle sai sirdi shimfiɗaɗɗe irin na 'yan ƙwallon dawaki, a rage tsawon likkafa da huda biyu, a duba majayi kafin a hau da bayan minti goma. Zaman sirdin da masu tsalle da doki ke yi a duniya yau, wani hafsan sojan dawaki na Italiya mai suna Federico Caprilli, wanda ya rasu a 1907, shi ya fito da shi: mahayi ya ɗaga daga sirdi kaɗan, nauyinsa a dunduniya, ya karkata gaba, hannu ya bi bakin doki. Kafin shi, baya mahaya ke kwantawa suna jan linzami. Hular kwano kuwa dole ce, ko da sanda ɗaya ce a ƙasa.

Kada a fara tsalle da duƙushi. Ƙashin bayan doki ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 5 zuwa 6, don haka a bari ya kai shekara 4 kafin a fara, a kuma tafi a hankali har ƙashin ya ƙosa.

Farawa da sanda ɗaya ake yi, a kwance a ƙasa, mai tsawon mita 3 zuwa 4, mai kauri kamar santimita 10, a shafa mata fenti don ya gan ta. Ya taka ta a tafiya har ya daina kallonta. Sai a ƙara su zama uku, ba biyu ba, domin biyu yakan ɗauke su da tsalle ɗaya. Tazarar da ke tsakanin sanduna, in da sassarfa za a wuce, mita 1.2 zuwa 1.4 ce, amma dawakinmu na gida galibi ba su kai na Turai girma ba, sai a fara daga 1.1 zuwa 1.2. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a share yashin, a wuce sau ɗaya, a dubi sawu. In kofato ya sauka a tsakiyar sanduna biyu, tazara ta yi. In yana bugun sanda ta gaba, an matse. In yana miƙewa yana sauri, an buɗe da yawa.

Bayan mako uku ko huɗu, in takunsa bai canja a kan sandunan ba, sai a gicciye sanda biyu, tsakiyarsu ba ta wuce santimita 30 zuwa 40 daga ƙasa ba, a ajiye wata sanda a ƙasa mita 2.2 zuwa 2.5 kafin su, a zo da sassarfa. Gicciyen yana jan doki zuwa tsakiya, sandar ƙasan kuma tana nuna masa inda zai tashi. Dole sandar sama ta zama mai faɗuwa da an taɓa ta. Katakon da aka ƙusance ko ƙarfe yana kifar da doki da mahayinsa. In an koma shinge miƙe, a sa sanda a gindinsa ta ɓangaren da ake zuwa, kada ta bayansa, domin daga ƙasa doki ke auna nisa, kuma daf da tashi shingen yakan ɓace masa daga gani. Shinge na biyu a sa shi mita 5.5 zuwa 6 bayan na farko, taku ɗaya tsakani. Ƙarin tsawo kada ya wuce santimita 5 zuwa 10 a lokaci guda.

In ya turje, kada a juya shi a fara duka. A rage shingen har ƙasa ya taka ya wuce, sannan a nemi dalili: baki, mikin baya, kofato, ko mahayin da ke kallon ƙasa ya saki ƙafa. In yana gocewa gefe, an zo a karkace ko da gudu; a jingina sanda a gefen da yake gocewa, a zo a hankali. In yana rugawa, yawanci tsoro ne ba zumuɗi ba: a yi kewaye a gaban shingen har ya huce, a tsayar da shi a miƙe bayan ya sauka. Ci gaba na gaskiya ana ganin sa a dokin da ya zo da taku daidai, ya haye, ya tafi da takun nan.

Tsalle sau biyu a mako ya isa, haye 10 zuwa 15 kowane karo, bayan minti 10 na tafiya da 10 na sassarfa. Sauran kwanaki aikin ƙasa da kilisa, kwana ɗaya hutu. Da bazara a yi horo da sassafe ko bayan la'asar, kuma kada a hau sai an yi aƙalla awa ɗaya da ba shi gero ko dusa. Ruwa kada ya yanke a barga, lita 30 zuwa 50 yake sha a rana, har fiye in ana zafi. A gyara kofato duk mako 6 zuwa 8. Kowace safiya a shafa jijiyoyin bayan ƙwaurin ƙafafun gaba da tafin hannu, a gwada hagu da dama, domin a kansu yake sauka. In ɗaya ta fi ɗumi ko ta cika, a ajiye sirdi, a riƙa zuba mata ruwan sanyi minti 20 sau biyu a rana, a kira likitan dabbobi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Mai kula da dawaki, daga Zariya