Wasiƙa zuwa ga aminina kan yaron da na ɗauka a maƙera

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne domin in amsa tambayar da ka yi mini game da wasan da ke hana ni barci da wuri. Wasan Dungeons & Dragons ne, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a shekarar 1974, amma mu a rubuce muke yin sa a manhajar hira ta Discord. Jagoran wasa yana bayyana halin da ake ciki a labarin, kowa ya rubuta abin da jarumin da ya ƙirƙira ya yi, sannan a jefa ɗan lido mai fuska 20 a ga ko ya yi nasara.

Watannin baya wani matashi ya shigo cikinmu, kuma tun a rubutunsa na farko ya ce jaruminsa gwanin takobi ne, mai magani ne, ba kuma harshen da ba ya ji, alhali yana mataki na 1 cikin matakai 20 na ƙwarewar jarumi. Abokan wasa suka fara gunaguni, har wasu suka ce a cire shi. Ni dai na tuna yadda muke rububin ɗaukar babban matsayi a wasan tashe muna yara, sai na roƙi a bar mini shi.

Jarumina tsohon maƙeri ne, don haka na ɗauki nasa a matsayin yaron maƙera. Dokokin wasan na 2014 sun ce koyon sabuwar sana'a ko sabon harshe yana cin kwana 250 na cikin labari, ana biyan zinare ɗaya kullum, kuma dole sai da malami. Da farko na ɗauka tsauri ne ya yi yawa, amma yanzu ina ganin nan ne daɗin wasan yake. Mako uku yaron bai taɓa masaba ba, aikinsa tura zuga-zugi da ɗebo gawayi kawai. Ranar da na miƙa masa awartaki ya ɗora jan ƙarfe a kan uwar maƙera, sai ɗan lido ya ba shi 3, ƙarfen ya tsage. Na zaci zai yi gardama, sai ga shi ya rubuta yadda tartsatsi ya ƙone masa bayan hannu, ya ɓoye hannun cikin riga don kada maigidansa ya gani. Wanda ya fi kowa son a kore shi ne ya fara yaba masa a wannan dare.

Sai dai ni ma na yi kuskure. A saƙon sirri na riƙa gyara masa kowace jimla, har ina sake rubuta masa maganar jaruminsa, sai ya yi shiru kwana huɗu. Da ya dawo ya ce mini, cikin ladabi, ya daina gane mutumin da ya ƙirƙira. Tun daga nan na koma yi masa tambaya kawai: me yaron nan yake tsoro, wa ya baro a gida? Abu ɗaya ne ban sassauta ba, wato kada ya rubuta abin da jarumin wani ya yi ko ya ji, domin wannan haƙƙin mai shi ne.

Yanzu saura kwana 60 ya kammala, kuma ya ce lauje zai fara ƙerawa kafin takobi. Akwai gurbi ɗaya a ƙungiyar, muna haɗuwa daren Asabar bayan isha'i. Idan kana so, zan yi wa jagora magana. Ka gaishe mini da Baba da sauran mutanen gida.

Naka har kullum,
Amininka