Ɗanka Ya Zaɓi Raga

Montreal, Kanada
14 ga Janairu

Assalamu alaikum, aminina Gola.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da su Inna. Yaya hunturun Damagaram? Na san yanzu hazo ya lulluɓe duwatsun Birni, masu shayi na cin kasuwarsu da sassafe. Mu ma nan alhamdu lillahi, sai dai sanyin bana ya wuce misali. Jiya da na fita sallar asuba ma'auni ya nuna digiri 22 ƙasa da sifili, numfashi ma daskarewa yake yi a gemun mutum.

Abin da ya sa na zauna na rubuto maka doguwar takarda maimakon saƙon murya shi ne ɗanka. Ya zaɓi raga. Ka san shekara biyu ke nan yana wasan hokin ƙanƙara a ƙungiyar yaran unguwarmu, don a garin nan yaron da bai iya tafiya da takalmin ƙanƙara ba kamar yaron Zangon ku ne da bai taɓa shurin ƙwallo ba. A matakinsu juyawa ake yi, yau wannan ne gola, gobe wancan. Ranar da layi ya zo kansa ya shiga, tun daga nan ya ƙi fita. Da ya dawo gida ya ce mini shi fa ya samu wurinsa. Wallahi kai ne ka fara faɗo mini a rai.

Bari in kwatanta maka wasan, don ka san abin da yake tsayawa a gabansa. Kowane ɓangare mutum shida ne har da gola, ana yin zagaye uku na minti ashirin ashirin. Ragar ƙarama ce, faɗinta ƙafa shida, tsayinta ƙafa huɗu, in ka gan ta sai ka ce ai wannan ko tsohuwa ta tsare ta. Matsalar ita ce abin da ake bugawa. Wani dunƙulen baƙar roba ne mai kama da ƙaramar masa, mutanen nan na ce masa rondel. Nauyinsa bai wuce giram 170 ba, amma tauri kamar dutse, kuma kafin manyan wasanni a firiza ake ajiye shi don kada ya riƙa tsalle. Manyan 'yan wasa kan make shi da sanda ya fita da gudun da ya haura kilomita 150 a awa. Na taɓa ɗaukarsa na jujjuya a tafin hannuna a bakin fili, sanyinsa ya ratsa safar hannu, na dubi fuskar yaron nan, gabana ya faɗi.

Kayan gola kuwa, ka tuna 'yan lifidin Sarki ranar hawan sallah? To haka ɗanka ke komawa. Katifu biyu a ƙafafu tun daga idon sawu har cinya, sulke a ƙirji da kafaɗu, hannu ɗaya da safa mai kama da ƙwarya don cafka, ɗaya da allon kariya da sanda mai faɗi, sai kwalkwali mai wayar ƙarfe a fuska. Ranar Asabar tun ƙarfe shida muke ɗakin sauya kaya, ina durƙushe ina ɗaura masa maɗaurai ta bayan ƙafa, shi yana kwance rub da ciki a ƙasa. Minti ashirin muke ɗauka kafin ya miƙe. A bana ƙungiya ce ta ara masa kayan. In ya ɗore baɗi aljihuna ne zai ji a jikinsa, don kuɗin kayan gola, ko na hannu ne, ba wasa ba ne.

Uwargida ta ce sam ba ta yarda ba, ni ma zuciyata ta rabu biyu. Ina cikin wannan wasiwasi ne wani dattijo maƙwabcinmu, haifaffen garin nan wanda ya haura tamanin, ya gan mu muna jan jakar kaya cikin dusar ƙanƙara. Ya tambayi yaron wane wuri yake bugawa, da ya ji gola ne sai ya ce lallai mu shigo mu sha shayi. Shi ya fara ba ni labarin Jacques Plante, daga baya na bi diddigi da kaina. Labarin nan ne nake so ka ji, domin rabinsa naka ne.

An haifi Plante a 1929, ya tashi a garin Shawinigan na lardin Kebek, shi ne babba cikin 'ya'ya goma sha ɗaya a gidan talaka. Yana da ciwon asma tun yana ƙarami, ba ya iya dogon gudu a kan ƙanƙara, shi ya sa ya koma raga. Mahaifinsa ne ya haɗa masa kariyar ƙafa ta farko da buhunan dankali da ɓallin katako. Mahaifiyarsa ta koya masa saƙa don ya riƙa yi wa kansa hular sanyi, kuma har ya girma ya shahara bai bar saƙa ba. Ka ga wannan tashin ai irin namu ne, mu da muka yi ƙwallo da tsumma da igiya.

Ya shiga ƙungiyar Montreal Canadiens, ya ci Kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Kanada da Amurka, da ita sau shida: na 1953, sannan biyar a jere daga 1956 zuwa 1960, abin da har yau babu ƙungiyar da ta maimaita. Kafin shi gola a bakin raga yake kafewa yana jiran abin da zai zo. Shi ne ya mayar da fita al'ada, ya zagaya bayan raga ya tare rondel ya ajiye wa 'yan bayansa, yana yi yana ƙwala musu kira yana gaya musu inda abokin hamayya yake. Ka tuna yadda muryarka ke dushewa bayan kowane wasa don tsabar yi mana tsawa? To ashe kana da ɗan'uwa a nan.

Amma abin da ya sa sunansa bai ɓace ba ya faru ne ranar 1 ga Nuwamba, 1959. A wancan zamanin gola fuskarsa a buɗe take, Gola. Babu kwalkwali, babu waya, babu komai. Rondel ya fasa maka kunci, a kai ka ɗaki a ɗinke, ka dawo ka ci gaba. Plante ya riga ya sha karayar ƙashin fuska, har wani ma'aikacin kamfanin faibagilas mai suna Bill Burchmore ya ƙera masa marufin fuska daidai da siffar fuskarsa. Kocinsa Toe Blake ya yarda ya sa a wurin atisaye, amma ya hana shi sawa a wasa, yana ganin zai tare masa gani. A daren nan suna wasa da New York Rangers a filin Madison Square Garden. Minti uku da farawa Andy Bathgate ya ɗaga rondel ya same shi a fuska, ya tsaga shi daga leɓe zuwa hanci. Aka fitar da shi jini na zuba, aka yi masa ɗinki bakwai. Lokacin ƙungiyoyi ba sa tafiya da gola na biyu a benci, don haka wasa ya tsaya cak ana jiransa. Sai ya ce wa koci ba zai koma ba sai da marufinsa. Blake ba shi da yadda zai yi. Plante ya fito da wannan farin abu mai ramukan ido, rigarsa duk jini, suka ci wasan 3 da 1.

Ka ce shi ke nan an yaba masa? Ina! Dattijon nan ya ce yana saurayi lokacin, kuma da kunnensa ya ji manya a wurin aiki suna cewa Plante ya zama matsoraci, namiji ba ya ɓoye fuska. Ya ce shi kansa ya faɗa, kuma yanzu kunyar maganar yake ji. Abin da ya rufe bakin mutane shi ne ƙungiyar ta yi wasa 18 a jere ba a doke ta ba. A watan Maris na 1960 koci ya matsa masa ya cire, ya cire wasa ɗaya da Detroit, aka ci su 3 da nema, a wasa na gaba ya mayar da abinsa bai sake cirewa ba. Duk da haka sai da aka kai 1974 kafin gola na ƙarshe mai buɗaɗɗiyar fuska, Andy Brown, ya bar gasar NHL. Shekara goma sha biyar ana zubar da jini a banza saboda tsoron bakin mutane.

Ni abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Tsayawa gaban rondel kowane gola na lokacin yana yi. Tsayawa gaban kocinka da 'yan kallo da 'yan jarida, bakinka a kumbure, ka ce a'a, shi kaɗai ya yi. Nan take na tuno ranar da muka buga da yaran Garin Malam, aka sa maka gwiwa a baki haƙorinka ya fita. Ka nemi a canza ka, mu da kanmu muka ce maka haba, kai ba namiji ba ne? Ka koma kana tofar da jini, aka zura maka biyu, da aka tashi kuma kai aka ɗora wa laifi. Ina cikin waɗanda suka yi maka maganar. Shekara ashirin da wani abu ke nan ban taɓa neman gafararka ba. Ka yafe mini, don Allah.

Ƙarshen zamansa a Montreal bai yi daɗi ba. A 1962 ya ci kyautar Hart ta gwarzon ɗan wasan gasar baki ɗaya, abin da gola ba kasafai yake samu ba, shekara ɗaya bayan nan suka yi musanyarsa da Gump Worsley ya tafi New York. Ya ajiye wasa a 1965, ya dawo a 1968 da St. Louis, ya sake cin kyautar Vezina ta masu tsaron raga tare da Glenn Hall, ta bakwai ke nan a rayuwarsa. A zagayen ƙarshe na neman Kofin Stanley na 1970 wani mugun bugu ya same shi a tsakiyar goshi, marufin ya tsage, ya suma aka kai shi asibiti. Da fuskar a buɗe take, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya. Ya ci gaba da Toronto da Boston, bai bar raga gaba ɗaya ba sai 1975 a Edmonton, yana da shekara 46. Ya rasu a Geneva ta ƙasar Suwizalan a watan Fabrairun 1986, da ciwon dajin ciki. A 1995 Canadiens suka rataye lambarsa ta 1 a rufin filinsu, ba mai sake sa ta.

Mutanen garin nan suna son golansu kamar me, amma ba su da haƙuri da shi. Patrick Roy ya kawo musu kofi a 1986 da 1993, amma a Disambar 1995 koci ya bar shi a raga har aka zura masa tara, 'yan kallo na yi masa tafin ba'a, kwana huɗu bayan nan ya koma Colorado. Carey Price, wanda ya karya tarihin Plante na yawan nasara a ƙungiyar a 2019, gwiwarsa ce ta ci shi, kuma a 2021 ya fito fili ya nemi taimako kan matsalar shaye-shaye. Ba na mafarkin ɗanka zai kai nan, cikin dubban yara ƙalilan ne ke kaiwa. Ina faɗa maka ne don ka san na ga irin nauyin da ke kan mai wannan wuri, babba ne ko ƙarami.

Na gani da idona Asabar da ta wuce. An ci su 5 da 2, na ƙarshen ma ta tsakanin ƙafafunsa ya sulale a hankali. Sauran yara suka fito suna ta surutunsu, shi ya zauna a lungu da kwalkwalinsa a ka, ya ƙi cirewa. Da na ɗaga wayar fuskar na tarar hawaye ne ya haɗu da gumi. A mota bai ce uffan ba sai da muka kusa gida, sannan ya tambaye ni ko Baba Gola ma an taɓa zura masa biyar. Na ce masa har bakwai an taɓa, washegari kuma shi ya riga kowa zuwa fili. Ya yi shiru, can ya ce yana so ya ji daga bakinka.

Don haka ga roƙona. Ka samu lokaci ka yi masa saƙon murya, da Hausa, a hankali yadda zai gane, don Hausarsa ta fara gauraya da Faransanci. Ka gaya masa abin da kake yi da zuciyarka bayan an zura maka ƙwallo alhali wasa bai ƙare ba. Ni ɗan gaba ne, ban san wannan ba. Uwargida ta sauko, ta ce ya ci gaba matuƙar ba za a taɓa barinsa ya shiga raga da kwalkwalin da bai zauna masa daidai ba, ni ma na yi mata alkawarin haka. Ranar Asabar mai zuwa suna da wasa ƙarfe bakwai na safe, ɗaya na rana ke nan a wajenku. In saƙon ya iso kafin nan zan kunna masa a mota.

Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka gaida amarya da yara, da duk mutanen majalisa. In akwai mai tahowa, a saƙo mana kilishi da ɗan yaji.

Wassalam,
Naka har kullum, amininka na Montreal.