Vudu Da Masu Warkarwa Da Addu'a A Shirye-shiryen 'Yan Sandan Ciki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani kashi na wasan kwaikwayon talabijin na 'yan sandan ciki, wanda aka gina labarinsa a kan kisan kai, addinin Vudu da masu warkar da cuta da addu'a.

Abin da ya dame ni shi ne, da zarar jami'an sun tarar da kyandir, gashin kaza da 'yartsana mai allurai kusa da gawa, sai zargi ya koma kan baƙaƙen fata mabiya Vudu tun kafin likita ya duba gawar. Ni ba mabiyinsa ba ne, amma adalci ya wajaba a kan kowa. Vudu addini ne da bayi suka tafi da shi daga Afirka ta Yamma zuwa Haiti da jihar Luwiziyana ta Amurka. Jamhuriyar Benin ta amince da shi a hukumance a 1996, Haiti kuma a 2003.

Batun da ya cancanci bincike mai zurfi kuwa, wato iyayen da ke hana kai yaro asibiti suna dogaro da addu'a kaɗai har rai ya yi halinsa, sai aka wuce shi da gaggawa. Wannan matsala ce ta haƙiƙa, domin mutuwar yara ce ta sa jihar Oregon ta Amurka ta soke kariyar da doka ke bai wa irin waɗannan iyaye a 2011. Ina kira ga marubutan shirin da su karkata kyamararsu zuwa ga waɗannan yaran.

Wassalam,
Naka mai karatu.